Alhaji Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa da Majalisar Tarayya

An haifi Abubakar a garin Tafawa Ɓalewa ta ƙasar Bauci cikin shekarar 1912. Da ya gama Kwalejin Katsina a 1933, sai ya koma Bauci ya kama koyarwa a Midil. Ba ɗan sarki ba ne, majalisa ce ta zame masa tsani. Ya shiga Majalisar Jihar Arewa a 1946, kana ta Ikko a 1947. A 1950 ya gabatar da batun gyaran mulkin En'e a majalisar Kaduna, abin da bai yi wa sarakuna da dama daɗi ba.

Ya zama Firayim Minista a 1957. Tsarin da aka sami 'yancin kai da shi irin na Ingila ne, watau majalisa biyu. Ta Wakilai tana da kujeru 312, daga ciki 174 na Arewa ne. Ta Dattijai kuwa mutum 44. Dole Firayim Minista ya kasance wakili ne mai goyon bayan mafi yawan 'yan'uwansa, in ya rasa shi gwamnati ta faɗi. Da yake jam'iyyarsa ta NPC ba ta sami wannan rinjaye ba a zaɓen 1959, sai ta haɗa kai da NCNC, Cif Awolowo ya shugabanci 'yan hamayya.

Kowane shirin doka akan karanta shi sau uku. A karatu na biyu ake tafka muhawara, sa'an nan kwamiti ya bi shi sashe-sashe. In ya tsallake na uku sai a miƙa wa Dattijai, waɗanda iyakacin ikonsu jinkirtawa: wata shida, ko wata guda in na kuɗi ne. Daga nan Gwamna-Janar ya sa hannu.

Amma fa rinjaye wuƙa ce mai kaifi biyu. A watan Mayu na 1962 Abubakar ya nemi majalisa ta kafa dokar ta-ɓaci a Jihar Yamma saboda rikicin jam'iyyar AG, ta kuwa amince. Mutane da yawa suka ɗauka an yi ne don a karya 'yan hamayya, kuma jihar ba ta sake zama lafiya ba.

Ran 15 ga Janairu, 1966, sojoji suka ɗauke shi daga gidansa na Ikko suka kashe shi. An yi masa sutura a Bauci. Nijeriya ba ta sake ganin zaɓaɓɓiyar majalisar dokoki ta ƙasa ba sai a 1979.