Taƙaitaccen Tarihin Gilbert Briggs, Maƙerin Lasifika (1890-1978)

Duk wanda ya ratsa unguwar Sabo ta Ibadan zai ji amon lasifika daga masallatai da shaguna. Mai sha'awar haɗa akwatinta da hannunsa ya kamata ya san tarihin wannan bawan Allah, domin shi ma da sha'awa ya fara.

An haifi Gilbert Briggs a shekarar 1890 kusa da Bradford ta ƙasar Ingila. Mahaifinsa ya rasu tun yana yaro. Bai yi karatun injiniya ba, fataucin yadi ya daɗe yana yi. Son kiɗan fiyano ne ya ja shi harkar sauti.

Da kasuwar yadi ta faɗi, sai ya haɗa lasifikarsa ta farko a gidansa da ke Ilkley a 1932, matarsa Doris tana taya shi naɗin waya. Wannan ne mafarin kamfanin Wharfedale.

Briggs ya lura cewa idan katakon akwati yana rawa, sauti kan ɓaci. Saboda haka ya riƙa ɗura yashi tsakanin fallen katako biyu don ya danne girgizar. A 1948 ya wallafa littafi kan lasifika cikin sassauƙan bayani, domin masu haɗawa a gida. A 1954 ya tara jama'a a zauren Royal Festival Hall na Landan, suka kwatanta kiɗan makaɗa da wanda lasifikarsa ta fitar.

Ya sayar da kamfanin a 1958, ya rasu a 1978. Har yau ana ƙera lasifika da sunan Wharfedale.