Likita Percivall Pott, Wanda Ya Gano Ciwon Daji A Wurin Aiki

An haifi Percivall Pott a birnin Landan ran 6 ga Janairu 1714. Mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, a 1729 kuwa aka danƙa shi ga wani likitan fiɗa na asibitin St Bartholomew, inda ya zama cikakken likita a 1749. A 1756 ya faɗo daga doki ya karye a ƙafa, zaman jinyar nan ne ya sa shi rubuce-rubuce.

A zamaninsa ana tura yara ƙanana cikin bututun hayaƙi na gidaje su kankare kunkunniya. Pott ya lura da yawansu in sun girma sai wani gyambo ya fito musu a fatar maraina. A 1775 ya bayyana cewa ciwon daji ne, kunkunniyar da ke maƙalewa a fata ce sanadinsa. Wannan shi ne karo na farko da aka danganta ciwon daji da wani abu na wurin sana'a.

Ciwon daji, watau sankara, yana farawa ne idan ƙwayoyin halittar jiki suka riƙa hayayyafa ba ƙaidi har su tara ƙari. Wani ƙarin yakan tsaya wuri ɗaya, ana cire shi a huta. Mugun kuwa yakan ci naman kusa da shi, ya bi jini ya yaɗu zuwa wasu gaɓoɓi. A 1915 masana a Japan suka shafa wa kunnen zomo kwalta har ƙari ya fito, suka gaskata maganar Pott.

Ya rasu ran 22 ga Disamba 1788, shekarar da Majalisar Ingila ta hana sa yaron da bai kai shekara 8 ba wannan aiki.

Darasinsa ya shafi Sharaɗa da Challawa da Bompai a Kano, inda ake jima da sarrafa fata. An tabbatar ƙurar fata tana jawo sankarar hanci, wani nau'in sinadarin kuromiyam kuma ta huhu, ciwon kuwa yakan ɗauki shekaru kafin ya bayyana. Saboda haka wajibi ne masu masana'antu su tanadi kayan rufe hanci da wurin wanka, jami'an lafiya kuma su riƙa duba ma'aikata tun kafin su fara kuka da ciwo.