William Grove: Alƙalin da ya fara tatso lantarki daga iska

An haifi William Robert Grove ranar 11 ga Yuli, 1811, a garin Swansea da ke yankin Wales na Birtaniya. Ya yi karatu a Jami'ar Oxford, ya zama lauya a 1835, sai dai zuciyarsa ba ta taɓa barin ɗakin gwaje-gwaje ba.

A zamaninsa masana sun san cewa lantarki na raba ruwa gida biyu, wato iskar haidurojin da ta oksijin. Grove ya juya al'amarin: ya haɗa iskokin biyu domin su ba da lantarki. Ya bayyana gwajin a 1839, kuma a 1842 ya kammala batirin iska, inda ya tsoma ƙarfen filatinom cikin ruwan asid. Na'urar ba ta hayaƙi, ruwa kaɗai take fitarwa.

Amma wutar ba ta taka kara ta karya ba. Grove ya gano dalili: aikin yana faruwa ne kawai a ɗan wurin da iska da ruwan asid da ƙarfe suka haɗu. Daga baya shari'a ta ɗauke hankalinsa. Ya zama alƙali a 1871, ya yi ritaya a 1887, ya rasu a Landan ranar 1 ga Agusta, 1896.

Kusan shekara 60 bayan rasuwarsa, masanan kamfanin General Electric suka maye gurbin ruwan asid da siririn tantanin roba, kuma kumbon Gemini 5 na Amurka ya yi amfani da irin wannan batiri a 1965.

Tantanin shi ne ƙarfin na'urar, shi ne kuma rauninta. Idan ya sha ruwa sai ya kumbura, idan ya bushe ya tsuke. Yau da gobe sai ya tsage, iskokin biyu su gauraya, batirin ya lalace. Shi ya sa injiniyoyi ke kwaikwayon wannan miƙewa da tsukewa a kwamfuta, domin gano inda tsagewa za ta fara.

Tsawon ran tantanin na cikin abubuwan da ke yanke farashin na'urar. Ga mai sana'ar da ke kwana da ƙarar janareta a Agege ko Oko-Oba, ranar da ƙirƙirar Grove za ta iso shagonsa tana rataye da wannan lissafi.