Louis Pasteur da Haukan Kare

Babu wanda ya tashi a garuruwanmu da bai taɓa jin ana kururuwa ga mahaukacin kare ba. Yara su watse, mata su janye 'ya'yansu, maza su fito da sanduna. Tsoron nan kuwa ba na banza ba ne, gama in cutar ta bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tashi. Saboda haka muka ga ya kyautu mu ba 'yan'uwa labarin mutumin da ya fara samo rigakafinta.

An haifi Louis Pasteur ran 27 ga Disamba, 1822, a wani gari wai shi Dole, a gabashin Faransa. Ubansa majemi ne, ya kuwa taɓa yin soja a rundunar Napoleon. A cikin 1843 Pasteur ya shiga babbar makarantar horon malamai ta birnin Paris, watau shi ma da koyon malanta ya soma, kamar mu. Shi ba likitan mutane ba ne, ba kuwa na dabbobi ba, ilmin sinadarai ya karanta. Bincikensa ya nuna waɗansu ƙananan halittu, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita, su ke sa nono ya yi tsami. Daga nan ya tabbata irinsu ne ke kawo cututtuka da yawa.

A cikin 1868 ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, amma bai bar aiki ba. A cikin 1881 ya yi wa tumaki rigakafin ciwon saifa a gaban jama'a. Waɗanda aka yi wa allura suka tsira, sauran suka mutu.

Tun ƙarshen 1880 ya juya ga haukan kare, shi da mataimakinsa, wani likita mai suna Emile Roux. Wahala biyu suka tarar. Ta fari, sun duba sun duba ba su ga ƙwayar cutar ba, don ƙanƙantarta ta wuce ƙarfin madubin zamaninsu. Ta biyu, in kare ya ciji ɗan'uwansa, a kan yi makonni ko watanni ana jira, wani lokaci ma cutar ba ta kama shi. To, ina a ke bincike da haka?

Sai suka lura da alamun cutar, suka gane mazauninta ƙwaƙwalwa ne da laka, ba miyau kaɗai ba. Suka ɗebi ƙwaƙwalwar karen da ya mutu, suka sa a kan ƙwaƙwalwar lafiyayye bayan sun sa shi barci, cikin kamar mako biyu ya kamu. Dā ma wani malamin makarantar likitocin dabbobi ta Lyon, Galtier, ya nuna a cikin 1879 cewa zomo na kamuwa. Suka yi ta ɗaukar cutar daga zomo zuwa zomo, har ta zama kwana bakwai ta ke yi ta bayyana, ba ta saɓawa. Sa'an nan suka riƙa rataye lakar zomon cikin kwalba ta bushe. Kullum ƙarfinta na raguwa, in ta kwana 14 ba ta da sauran dafi.

Ga dabarar: a fara yi wa kare allura da lakar da ta fi bushewa, gobe a ba shi wadda ta fi ta ƙarfi kaɗan, haka haka har jikinsa ya saba yaƙi da cutar. Karnuka wajen 50 suka kare ta wannan hanya. Pasteur ya kuma yi tunani, tun da cutar ta kan daɗe tana bin jijiya kafin ta kai ƙwaƙwalwa, ashe rigakafi zai iya riganta ko bayan cizo.

Ran 6 ga Yuli, 1885, wata mata ta zo masa daga Alsace da ɗanta Joseph Meister, mai shekara 9, wanda mahaukacin kare ya ciza wuri 14. Pasteur ya shiga tsaka mai wuya. In ya ƙi, wataƙila yaron ya mutu. In ya yarda, wataƙila allurar ce za ta kashe shi, ga shi kuwa ba shi da izinin yin aikin likita. Ya shawarci likitoci, ɗayansu, Grancher, ya yi wa yaron allura 13 cikin kwana 11. Yaro ya rayu, har ya girma ya zama mai tsaron ƙofar Cibiyar Pasteur, wadda aka buɗe a cikin 1888.

Ba kullum aka yi nasara ba. Wata yarinya da aka kawo kwana 37 bayan cizo ta rasu. Masana da suka duba littattafan aikinsa daga baya kuma sun ga bai gama gwada ainihin hanyar nan a kan karnuka ba sa'ad da ya yi wa Meister. Lalle ya yi kasada, bai kamata mu ɓoye wannan ba. Amma kafin Maris, 1886, an yi wa mutum 350 allurar, guda ɗaya tak ya mutu.

Pasteur ya rasu ran 28 ga Satumba, 1895. A kan keɓe wannan rana kowace shekara don tunawa da yaƙi da haukan kare. An daina yin allurar da lakar zomo, an sami wadda ta fi ta lafiya. Duk da haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum wajen 59,000 ke mutuwa da cutar kowace shekara, galibinsu a Afirka da Asiya, kusan dukansu ta cizon kare, yara kuwa suna da yawa a ciki.

Mu da za mu tsaya gaban yara gobe, nan namu aikin ya ke. Mu koya musu in kare ko kyanwa ta ciji mutum, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a garzaya asibiti ran nan, kada a jira alama. Mu kuma roƙi iyayensu su kai karnukansu a yi musu rigakafi, gama Pasteur ta kan kare ya fara, kafin ya kai ga ceton mutum.