Tarihin Baskiya, Yaron Da Ya Mai Da Bangon New York Allonsa

Ran 18 ga watan Mayu, 2017, aka yi wani gwanjo a kamfanin Sotheby's da ke birnin New York na ƙasar Amurka, inda wani attajiri ɗan ƙasar Japan mai suna Yusaku Maezawa ya sayi zane guda ɗaya tak a kan dala miliyan 110 da rabi. Zanen kuwa hoton ƙoƙon kan mutum ne, baki buɗe, haƙora waje, an yi shi da baƙin fenti bisa shuɗi. A lokacin, wanda ya zana shi ya kusa shekara 29 a kabari. Sunansa Jean-Michel Basquiat, ana faɗar sunan Baskiya, kuma shi ne yaron nan baƙar fata da ya fara da rubutu a bangon mutane cikin dare, aikin da dokar birnin ta ɗauka laifi ne.

An haife shi ran 22 ga Disamba, 1960, a unguwar Brooklyn. Ubansa Gerard akanta ne, mutumin ƙasar Haiti, uwarsa Matilde kuwa iyayenta daga tsibirin Puerto Rico suka fito. Saboda haka yaron ya tashi da harshe uku, watau Turanci da Faransanci da Sifaniyanci. Uwar ce ta fara lura da hannunsa, ta riƙa jan sa zuwa manyan gidajen adana zane-zane na birnin, har aka yanka masa katin zama ɗan ƙungiyar yara ta gidan tarihin Brooklyn yana da shekara 6.

Cikin 1968 yana wasa a kan titi mota ta kaɗe shi, ya karye a hannu, har likitoci suka cire masa saifa. Yana kwance a asibiti uwarsa ta kawo masa wani littafin likitoci mai suna Gray's Anatomy, wanda ke cike da hotunan ƙasusuwa da jijiyoyi da kayan cikin ɗan Adam. Abin da ya gani a cikin littafin nan bai taɓa barin kansa ba, domin kuwa haƙarƙari da ƙoƙon kai da sunayen gaɓoɓi suna nan birjik cikin zane-zanensa har ƙarshen ransa. Ba a daɗe ba iyayensa suka rabu, uban ya riƙe shi tare da ƙannensa mata biyu, uwar kuma ta kamu da ciwon taɓin hankali, aka riƙa kai ta asibiti ana dawowa da ita. Zama da uban bai yi daɗi ba. Yana da shekara 15 ya gudu daga gida ya kwana bisa bencin dandali, sa'an nan cikin 1978 ya bar makaranta da gidan gaba ɗaya.

To, ya kamata mai karatu ya san irin birnin da yaron nan ya faɗa cikinsa. A shekarun nan New York ta shiga matsanancin talauci, har cikin 1975 saura ƙiris baitulmalinta ya kasa biyan bashi. Samarin unguwannin talakawa, yawancinsu baƙaƙe da masu jin Sifaniyanci, suka ɗauki gwangwanin fesa fenti da manyan alƙaluma suna rubuta laƙabinsu a bango da jikin jiragen ƙarƙashin ƙasa, don duk wanda ya wuce ya san da zamansu. Cikin 1971 jaridar New York Times ta ba da labarin wani ɗan aike mai rubuta Taki 183 ko'ina ya bi, watau laƙabinsa da lambar titin gidansu, daga nan fa abin ya bazu kamar wutar daji. Magajin garin, John Lindsay, ya ɗaura yaƙi da su, aka kafa dokar hana wannan aiki cikin 1972.

Baskiya da wani abokinsa na makaranta, Al Diaz, suka shiga wannan fage, amma ta wata ƙofa dabam. Sauran samari ƙawata haruffa suke yi da launi iri iri a jikin jirgi, su kuwa 'yan gajerun maganganu suke rubutawa da haruffa marasa ado, masu habaici da zambo ga masu kuɗi da 'yan siyasa da masu da'awar sanin zane. Ƙarƙashin kowace magana sai su sa hannu da sunan SAMO, wanda aka gutsuro daga wata ashar ta 'yan titi mai nufin jiya i yau. Sun kuwa san inda suke rubutun, don sun fi yawaita shi a unguwar SoHo, inda dillalan zane suke da shaguna. Mutane suka yi ta tambayar ko wane ne wannan, har jaridar Village Voice ta tona su cikin Disamba, 1978. Daga baya abokan suka ɓata, Baskiya ya bi bango yana rubuta cewa SAMO ya mutu.

A wannan lokaci ba shi da ɗaki nasa, yau ya kwana nan gobe can, yana sayar da 'yan katuna da riguna waɗanda ya zana da hannunsa. Da ya ke ba shi da kuɗin ƙyallen zane, sai ya riƙa tsintar tsofaffin ƙofofi da tagogi da katakai yana zane a kansu. Cikin Yuni, 1980, aka sa aikinsa a wani baje kolin samari a Times Square, sa'an nan a watan Fabrairu, 1981, aka nuna shi a wani babba, inda dillalai suka farga da shi. A watan Mayu na shekarar ya yi baje koli nasa shi kaɗai a garin Modena na Italiya. Wata dillaliya, Annina Nosei, ta ba shi ɗakin ƙarƙashin shagonta da fenti da ƙyalle. Cikin 1982 aka gayyace shi babban taron zane na Documenta a garin Kassel na Jamus, yana da shekara 21, shi ne ƙarami cikin dukan waɗanda aka nuna aikinsu.

Wanda ya fara ganin zanen Baskiya zai zaci wasan yara ne, amma in ya tsaya ya duba da kyau zai ga bangon titi ne aka ɗauko aka shigo da shi ɗaki. Fenti bisa fenti, rubutu bisa rubutu, kamar yadda hannuwa da yawa ke bin bango guda. Yakan rubuta kalma sa'an nan ya ja mata layi ya soke, ya kuwa bayyana cewa yana yin haka ne don mai kallo ya ƙara ƙoƙarin karanta ta. Yakan jera sunayen kayan ciniki irin su sukari da taba da auduga da gishiri, abubuwan da ke tuna wa mutum cinikin bayi da gumin baƙar fata. Alamarsa da aka fi sani ita ce kambi mai tsini uku, wanda ya riƙa ɗora wa gwanayen baƙaƙe. Ya zana 'yan dambe kamar Joe Louis da Sugar Ray Robinson da Muhammad Ali, da mabusa irin su Charlie Parker da Dizzy Gillespie, domin tun yana yaro ya lura da cewa da wuya a ga fuskar baƙin mutum a bangon gidajen da uwarsa ke kai shi.

Ana cikin haka sai wani abu ya faru wanda ya girgiza shi ƙwarai. Ran 15 ga Satumba, 1983, 'yan sandan jiragen ƙarƙashin ƙasa suka kama wani saurayi baƙar fata ɗan shekara 25, mai suna Michael Stewart, bisa zargin rubutu a bangon tasha. An kai shi asibiti a sume da raunuka a jikinsa, ya kwana 13 bai farfaɗo ba, ya mutu. An gurfanar da 'yan sanda shida, amma cikin 1985 aka sallame su duka. Abokan Baskiya sun ba da labarin cewa ya daɗe yana ganin da shi abin zai iya faruwa. Ya je ɗakin aikin abokinsa Keith Haring, wanda shi ma daga zanen tasha ya yi suna, ya zana a bango wani baƙin mutum tsakanin 'yan sanda biyu masu ɗaga kulake. Samari biyu ke nan, launinsu ɗaya, birninsu ɗaya, laifin da ake ɗora musu ɗaya, ga wannan attajirai na rububin aikinsa, ga wancan kuma an kai shi kushewa.

Kuɗi sun zo wa Baskiya, amma mutunci bai biyo su gaba ɗaya ba. Ran 10 ga Fabrairu, 1985, mujallar New York Times ta buga hotonsa a bangonta, sanye da kwat, ƙafa ba takalmi, duk da haka sau da yawa masu tasi kan wuce shi a titi saboda launin fatarsa. Ya tsani a kira shi ɗan zanen bango, don ya gane cewa da wannan suna ake ajiye shi a bakin ƙofa, a hana shi zama cikin sahun manyan masu zane. Ya ƙulla abota da shahararren mai zanen nan Andy Warhol, ya kama hayar gidansa da ke titin Great Jones, suka kuma yi zane-zane masu yawa tare, wannan ya shafa wancan ya ɗora. Da aka baje aikin nasu cikin Satumba, 1985, masu sharhi suka kushe shi, har aka nuna kamar Baskiya ɗan koren Warhol ne kawai. Maganar ta yi masa zafi, ya ja jiki daga abokin nasa.

Cikin Oktoba, 1986, ya taka ƙasar Afirka, inda aka nuna zane-zanensa a cibiyar al'adun Faransa da ke Abijan, ya kuma ziyarci garin Korhogo a arewacin Kwaddibuwa. Bayan wata huɗu, ran 22 ga Fabrairu, 1987, Warhol ya mutu ba su gama shiryawa ba. Daga nan Baskiya ya kulle kansa a ɗaki, ya dulmuya cikin shan hiroyin, wadda dama ta daɗe da kama shi. Ya tafi tsibirin Hawaii cikin 1988 don ya yaye kansa, ya kuma shirya komawa Korhogo tare da wani mai zane ɗan Kwaddibuwa, Ouattara Watts, wanda suka sadu a Faris. Tafiyar ba ta yiwu ba. Ran 12 ga Agusta, 1988, aka same shi a ɗakinsa ƙwayar ta yi masa yawa, ya mutu yana da shekara 27. An binne shi a maƙabartar Green-Wood ta Brooklyn.

Cikin Mayu, 1989, hukumar jiragen birnin ta ba da sanarwar cewa ta gama kankare rubutu daga jikin jiragenta. Cikin 1992 kuma gidan adana zane na Whitney ya tara ayyukan Baskiya ya nuna wa duniya. Zanen nan da Maezawa ya saya, dala 19,000 aka saye shi cikin 1984.

Babu mai cewa a bar kowa ya ɓata bangon da ba nasa ba, don mai gida yana da haƙƙi, dukiyar jama'a kuma amana ce. Amma tarihin Baskiya ya nuna cewa yaron da ke rubutu a bango sau da yawa magana gare shi, ya rasa inda zai faɗe ta. Shi ya yi sa'a uwarsa ta sa masa littafi a hannu, wata kuma ta ba shi ɗaki da fenti, sai dai da ƙwaya ta kama shi masu sayen aikinsa sun fi masu jan kunnensa yawa. Malamai da ma'aikatan da al'amuran matasa ke hannunsu, lalle su yi tunani a kan wannan kafin su aika da mai farar ƙasa ya shafe bango.