Fada Damiyan, Ɗan'uwan Kutare (1840-1889)

A wannan fitowa mun kawo muku tarihin Fada Damiyan, wanda ya zauna da kutare har ya zama ɗaya daga cikinsu.

An haife shi ran 3 ga Janairu 1840 a ƙauyen Tremelo, ƙasar Beljik. Ɗan manomi ne kamarmu. Wansa aka zaɓa ya tafi aikin bishara a tsibiran Hawai, can tsakiyar tekun Pasifik, sai ciwo ya kwantar da shi. Damiyan ya roƙa a tura shi a madadinsa. Ya sauka Honolulu a 1864, a shekarar nan kuwa aka naɗa shi fada.

A lokacin kuturta ta yi yawa a ƙasar, ba ta da magani. A 1865 hukuma ta yi doka a ware masu ita. Aka riƙa raba su da iyalinsu ana kai su wani lungu na tsibirin Molokai, teku gaba, dutse baya. Da bishop ya nemi mai zuwa wurinsu, Damiyan ya ba da kansa. Ya isa ran 10 ga Mayu 1873.

Bai tsaya daga nesa yana wa'azi ba. Da hannunsa yake wanke gyambo yana ɗaurewa. Ya gina ɗakuna, ya jawo ruwa, ya tara marayu. In an yi rasuwa, shi ke ƙera akwatin gawa, shi ke gina kabari. Akushi ɗaya yake sa hannu da su. Dalilinsa shi ne umarnin Yesu Almasihu ga almajiransa, cewa su ƙaunaci juna kamar yadda shi ya ƙaunace su. Ya duba ya ga Almasihu bai yi ƙyamar taɓa kuturu ba, don haka shi ma bai ga hujjar ja da baya ba.

Wajen ƙarshen 1884 ya tsoma ƙafa cikin ruwa mai zafi, fata ta sale, bai ji komi ba. Nan ya gane cutar ta kama shi. Ya ci gaba da aiki har ya rasu ran 15 ga Afrilu 1889, yana da shekara 49. A 2009 Paparoma Benedikt na 16 ya sa shi cikin tsarkaka.

Yau, alhamdu lillahi, kuturta tana warkewa, maganinta kyauta ne, kuma kowa ya san asibitin Danja kusa da Maradi. Abin da ya yi saura shi ne ƙyama. Akwai majinyatanmu a ƙauye da birni da ba a leƙa su. Kuɗin ƙungiya suna sayen magani, amma zumunta a ƙafa take. Wanda ya san inda ɗan'uwa ke kwance, ya je da kansa, ya kuma sanar da shugaban reshensa.

Allah ya ƙara mana ƙaunar juna, amin.