Labarin Binyamin Lebic, Malamin da Aka Hana Fita Rasha

'Yan'uwana ɗalibai da malamai, ina so in ba ku labarin wani masani Bayahude, gama na ga akwai abin lura cikinsa ga dukan mai riƙe da alli.

An haifi Binyamin Lebic a birnin Harkof a 1917. Ya yi karatu a hannun Landau, mashahurin malamin kimiyya, ya ƙware wajen sanin yadda sinadarai ke bazuwa cikin ruwa mai gudana. Littafin da ya wallafa kan wannan a 1952 an juya shi da Turanci a 1962. Ya zama shehun malami a Jami'ar Mosko, hukuma tana ji da shi ƙwarai.

To, a zamanin mulkin Kwaminisanci ba mai barin Rasha sai da iznin gwamnati. A 1972 Lebic ya nemi izni ya ƙaura zuwa Isra'ila. Aka hana shi, wai ya san asiran ƙasa. Ba su tsaya nan ba, suka tuɓe shi daga kujerarsa ta jami'a, aka shiga share sunansa daga littattafan ilimi. Ɗansa ɗaya, shi ma masani ne, aka kama shi aka sa shi soja can arewa mai tsananin sanyi. A shekarar nan kuma aka ɗora wa masu ilimi da ke son fita haraji mai nauyi, watau su biya kuɗin karatunsu. Yahudawa da yawa sun sha irin wannan wuya: ba aiki, ba hanyar fita.

Amma masanan duniya ba su yi shiru ba. A 1977 suka taru a Okusfod don girmama shi da ya cika shekara 60, shi kuwa aka hana shi zuwa. Suka yi ta matsa wa hukuma, har a 1978 ta sake shi. Ya tafi Isra'ila, sa'an nan ya koyar a Niyu Yok, ya rasu a Amurka a 1987.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan: mulkin da ya share sunansa ya rushe a 1991, amma ƙa'idar lissafin da ya gano har yau da sunansa ake koyar da ita. Kuma da 'yan'uwansa malamai sun kame bakinsu, da wuya ya fita. Mu ma in mun ga an zalunci malami, kada mu ce ba ruwanmu.